Dala 85 kan hayaƙi: wa ake biya, kuma me ya shafi mai pragiya a Aboabo

Saƙon murya iri biyu ne ke yawo a wayoyin mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba a nan Kumasi, kuma kowanne na ƙaryata ɗan uwansa. Ɗaya na cewa Turawa sun fara biyan dala 85 kan hayaƙi, don haka duk mai mota ko babur ya kawo katin Gana da kuɗin rajista a saka sunansa. Ɗayan kuma na cewa gwamnati za ta dawo da harajin hayaƙi ta bayan fage, wai sidi ɗayan da aka ƙara kan litar mai somin-taɓi ne. Kowannensu ya tsinci ɗan guntun gaskiya ne ya lulluɓe shi da abin da babu shi. Na farkon zai ci kuɗin mutane, na biyun yana tayar da hankalin direbobi a banza.

Dala 85 ɗin akwai ta. Tana cikin kundin harajin Amurka, a sashen da ake kira 45Q. An fara shi a 2008 da dala 20 kan kowane tan, aka ɗaga shi zuwa 50 a 2018, sannan dokar da Joe Biden ya sa wa hannu a 2022 ta kai shi 85. Amma ba hayaƙin da ake fitarwa ake biya ba. Ana biyan kamfani ne kan iskar kabon da ya tare kafin ta shiga sararin sama, ya kuma binne ta. Wannan iska ita ce wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko kwal, ba ta da launi ba ta da wari, kuma taruwarta a sama ita ce babban dalilin ɗumamar duniya. Baƙin hayaƙin da ke fita daga salansar tirotiro, wato motar haya, yana hawan tudu wani abu ne daban, duk da cewa tare suke fitowa.

Yadda ake kama ta aiki ne na babbar masana'anta. Ana bi da hayaƙin tashar lantarki ko na kamfanin siminti ta cikin wata doguwar hasumiya mai ruwan sinadari, ruwan ya riƙe kabon ɗin ya saki sauran. Sai a dafa ruwan ya amayar da abin da ya sha, a matse iskar har ta koma kamar ruwa, a tura ta bututu zuwa rijiyar da ta fi kilomita guda zurfi, cikin dutse mai ƙofofi wanda wani dutse mai tauri ya rufe ta sama. Dafawar da matsewar kaɗai suna cin wani kaso mai yawa na wutar da tashar ke samarwa. Shi ya sa kamfani ba ya yi don Allah, sai an biya shi ko an tilasta masa.

Waɗanda dokar ta shafa: tashar lantarki mai kama aƙalla tan 18,750 a shekara, masana'anta mai kama 12,500, da injinan da ke tsotsar kabon kai tsaye daga iska, waɗanda su kuɗinsu ya kai dala 180. Dole a kama iskar a cikin Amurka a binne ta a can. Ko tashar lantarkin Anwomaso da aka ɗauko daga Aboadze aka kawo mana nan Kumasi, da za ta kama duk abin da take fitarwa, ba ta da ko kwabo a wannan doka, balle mai aboboya, keken kaya mai ƙafa uku. Kuma kuɗin rangwame ne daga harajin da ake bin kamfani, na tsawon shekara 12, wanda zai iya sayar wa wani kamfanin ko ya karɓa a hannu a shekarun farko. Cikakkiyar dala 85 ɗin ma sai ya biya ma'aikatan aikin albashin da doka ta tsara ya kuma ɗauki masu koyon sana'a; in ba haka ba dala 17 zai samu.

Akwai sakin layi guda da ya fi rikita mutane, har masu karatu. Dokar tana biyan kamfani ko da ya yi amfani da iskar wajen haƙo ƙarin man fetur. Rijiyar mai idan ta tsufa, ƙarfinta na raguwa alhali da sauran mai maƙale a cikin dutse. Tun 1972 a jihar Texas masu haƙar mai suka gano cewa idan suka ɗura kabon a irin wannan rijiya, man na sakin jiki ya taso, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke yayyafa ruwan zafi a kan niƙaƙƙiyar gyaɗa don mai ya fito. Wani ɓangare na iskar na zama a ƙasa, wanda ya biyo man a sake mayar da shi. Har yau mafi yawan kabon da ake kamawa a duniya a nan yake ƙarewa.

A dokar 2022 an bambanta su: mai binnewa kawai dala 85, mai haƙo mai da ita dala 60. A ranar 4 ga Yuli 2025 Donald Trump ya sa hannu kan wata babbar dokar haraji wadda ta yanke tallafin wutar rana da ta iska, amma ta daidaita waɗannan biyun a kan 85 ga sababbin ayyuka. Masu goyon baya na cewa ai man za a haƙo shi ko ta yaya, gara a haƙo daga tsohuwar rijiya a bar kabon a ciki. Hujja ce da ke da ƙafa, ban raina ta ba. Sai dai man da aka fitar ƙona shi za a yi, ya sake cika sama da irin abin da aka biya kuɗi don a binne. Kuma an ga inda igiyar take ɗaure a Petra Nova, na'urar kama kabon ta wata tashar kwal a Texas mai tura iskar zuwa rijiyoyin mai, wadda ta ci kusan dala biliyan ɗaya, ciki har da kusan miliyan 190 na gwamnati. Ta fara aiki a 2017, farashin mai ya faɗi a 2020 aka rufe ta, ba ta dawo ba sai 2023. Kwal ɗin tashar bai daina ƙonewa ba a tsakani. Kama hayaƙin ne ya tsaya, don ribar mai ce ke riƙe da shi.

To idan iskar ta yoyo fa? Nan ne hukuncin yake, kuma ya fi yadda ake zato sauƙi. Kamfani na auna abin da ya ɗura da abin da ya tsere. Idan a shekara guda wanda ya tsere ya fi wanda aka ɗura, hukumar haraji za ta ƙwace rangwamen rarar, tana komawa baya shekara uku. Bayan shekara uku da karɓar rangwame na ƙarshe, wannan ƙofar ta rufe. Iskar da aka yi alkawarin za ta zauna a ƙasa shekaru aru-aru, garantinta a dokar haraji shekara uku ne. Akwai wasu ƙa'idojin rijiya na hukumar muhalli da suka fi haka tsawo, amma kuɗin da aka riga aka karɓa ya zauna.

Ba zargi ne kawai ba. A 2020 babban mai binciken harkokin haraji na baitulmalin Amurka ya bayyana cewa daga 2010 zuwa 2019 kamfanoni goma ne suka kwashe kusan duk rangwamen, kimanin dala biliyan ɗaya, kuma kusan miliyan 900 daga ciki an nema ne ba tare da bin tsarin sa ido da hukumar muhalli ta amince da shi ba. A ƙasar da ke da ma'aikata da na'urori ke nan. Duk injinan kama kabon na duniya a haɗe ƙarfinsu bai wuce kimanin tan miliyan 50 a shekara ba, alhali abin da ake fitarwa daga makamashi ya haura tan biliyan 37.

Mu dawo gida. Wani dattijon direba a tashar mota ya nuna mini takardunsa na mota a cikin leda, an naɗe su da roba, ya ce, “Ɗana, in za su dawo da kuɗin hayaƙin nan ka faɗa mini tun yanzu, kada in je sabunta takarda a mayar da ni.” Na ce masa, “Baba, an soke shi.” Tsoronsa na da tushe. Majalisa ta yi dokar harajin hayaƙi a ƙarshen 2023, doka mai lamba 1112, hukumar haraji ta ce ta fara aiki 1 ga Fabrairu 2024: babur da keke mai ƙafa uku sidi 75 a shekara, ƙaramar mota 150, manyan motoci da na kaya 300, kamfanonin gini da ma'adinai da mai da lantarki sidi 100 kan kowane tan. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta yi barazanar ƙara kuɗin mota. A 2025 majalisa ta soke dokar, Shugaba John Mahama ya sa hannu ranar 2 ga Afrilu tare da soke harajin tura kuɗi ta waya da na caca. Sidi ɗayan da ya hau kan lita a Yulin 2025 kuwa daga dokar harajin makamashi ya fito, an ce don biyan basukan ɓangaren lantarki da sayen man tashoshi saboda kada dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo. Mutum na da damar jin haushinsa, amma ba ruwansa da kabon.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda dokokin biyu suka kalli abu ɗaya. A can, mai fitar da dubban tan ana biyansa don ya rage. A nan, yaron da ke tuƙa pragiyar wani, keken haya mai ƙafa uku, yana kai balans kowane dare aka fara nema da sidi 75, ba a duba ko injinsa sabo ne ko tsoho, ko tafiyarsa nawa a shekara. Matsakaicin ɗan Gana bai kai tan ɗaya na kabon a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Norway ta bi wata hanyar: ta sa wa kamfanonin mai haraji mai nauyi a 1991, zuwa 1996 suka fara binne kusan tan miliyan ɗaya a shekara a filin Sleipner da kuɗinsu, don ya fi musu arha da biyan harajin. Da aka ɗora nauyin kan mai ƙarfi, aikin ya yiwu.

Kuɗin kabon da ke shigowa Gana da gaske ta wata ƙofa yake bi. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Suwizalan a 2020, kuma akwai ofishin kasuwar kabon a ƙarƙashin hukumar kare muhalli, wanda ke tantance ayyuka irin su murhu mai rage cin gawayi da sabon salon noman shinkafa. A farkon 2023 wani asusu na Bankin Duniya ya biya Gana kimanin dala miliyan 4.8 saboda rage sare daji a yankunan koko, kan tan 972,000 da ɗoriya. A lissafa: dala 5 ke nan kan tan. Tan ɗin da manomin koko ya hana shiga sama da wanda kamfanin Texas ya binne, illarsu ga duniya ɗaya ce, amma farashin ɗaya ya ninka ɗayan sau 17.

Duk waɗannan kuɗaɗe ta hannun ayyuka masu rajista suke bi, ba a raba su ga mutum don yana da babur. Wanda ya zo majalisar ataya da fom yana karɓar lambar katin Gana da sidi hamsin “na rajista”, abin da yake yi damfara ce, kuma sashe na 131 na dokar laifuffuka ta 1960 ya tanadi hukuncinta. Haraji kuma, sashe na 174 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ba a ɗora shi sai da dokar majalisa. Idan za a dawo da na hayaƙi, sai an karanta shi a zauren majalisa an kaɗa masa ƙuri'a, kuma ɗan majalisar Asawase na cikin waɗanda za a iya tare wa a tambaya kafin ranar.