Lalle

Lalle ƙaramin icce ne mai yawan rassa da ake shukawa a ƙasashe masu zafi saboda ganyensa, wanda ake ƙunshi da magani da shi. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753 don karrama abokinsa Isaac Lawson, likita ɗan Sikotilan. In ba a datse shi ba yakan kai mita 6. Furensa ƙanana ne masu ƙamshi, yawanci farare. Idan ya tsufa, bakin rassansa kan zama ƙaya, abin da ya sa da farko aka ɗauka iri biyu ne.

Tarihi

Ba a haɗu a kan asalinsa ba: wasu sun ce arewa maso gabashin Afirka, wasu yammacin Asiya ko Indiya. Tsohuwar shaidar da aka fi dogara da ita daga Masar take, inda aka samu gawarwaki da aka rina musu gashi da shi. Binciken da aka yi wa gawar Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda ya mutu wajen shekara ta 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna lalle a gashinsa. Larabawa sun san shi tun kafin Musulunci, kuma Tirmizi ya ruwaito daga Salma, hadimar Annabi (SAW), cewa Annabin yakan umarci a sa shi a kan rauni. Ana kyautata zaton fataken Sahara ne suka yaɗa shi zuwa ƙasar Hausa, inda ya samu gindin zama har ya shiga tsarin aure: sa lalle ne ke buɗe biki, kuma a da mata kan zura hannu a zunguru su kwana da shi don ya kama sosai.

A yau garin Sojat da ke jihar Rajasthan ta Indiya ne ya fi shahara da nomansa. Ana noma shi kuma a Sudan, Masar, Maroko da Yaman.

Shuka da kulawa

Lalle ɗan rana ne. Ganyensa ya fi rini idan zafi ya kai digiri 35 zuwa 45, sanyi ƙasa da digiri 5 kuwa yakan kashe shi. Yana son jigawa, ba ya jure wurin da ruwa ke kwanciya. Ana shuka shi da iri ko da yankakken reshe a farkon damina. Irin na da tauri, don haka sai an jiƙa shi kwanaki kafin a watsa a gandun reno. Reshe ya fi saurin kamawa, shi ya sa masu yin shinge da shi suka fi son sa. Da zarar saiwarsa ta kafu yana jure fari, ko da yake yakan kaɗe ganye da rani. Datsewa akai-akai ita ce babbar hidimarsa, domin sabon toho ya fi rini. A inuwa ake shanya ganyen da aka tsinka, sannan a daka.

Magani

Ana shafa shi don zafin ƙafa, ƙuna da ƙuraje. Binciken asibiti a kan haka bai yi yawa ba. Sinadarin lawsone da ke ba shi launi yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da ke da ƙarancin G6PD (wani sinadarin jiki mai kare waɗannan ƙwayoyin jini), don haka bai kamata a shafa musu ba. Baƙin lallen kasuwa kuwa sau da yawa haɗi ne da sinadarin rinin gashi na PPD mai ƙona fata.