Zanen Rayuwar Talakawa a Zamanin Barok

Zanen rayuwar yau da kullum reshe ne na fasahar zane wanda ya bunƙasa a Turai a ƙarni na 17, zamanin da ake kira Barok, inda masu zane suka karkata ga mutanen da tarihi bai san da su ba, kamar 'yan aikin gida da manoma da masu talla da mashaya a gidan giya. Kafin wannan lokaci, babban aikin mai zane shi ne labaran Baibul da tatsuniyoyin Girkawa da hotunan sarakuna, domin coci da fada ne ke biyan kuɗin aikin.

A Italiya, Caravaggio ya zana 'yan caca masu maguɗi da karta a wajen 1594, a Sifaniya kuma Diego Velázquez ya zana wata tsohuwa tana soya ƙwai a 1618. Amma ƙasar Holand ce cibiyar wannan zane. Cocin Furotesta na can ba ya rataye hotuna a wurin ibada, sannan cinikin teku ya arzuta fatake da masu sana'a a Amsterdam da Leiden da Delft, waɗanda ke son ƙananan hotuna na ƙawata ɗaki. Sau da yawa mai zane kan gama aikinsa ya kai kasuwa ba tare da wani ya sa shi ba, saboda haka kowa ya riƙe irin abin da ya fi karɓuwa a hannunsa.

Johannes Vermeer na Delft (1632–1675) ya zana wata 'yar aiki tana tsiyaya madara daga tulun ƙasa, ga burodi a kan teburi, ga hasken taga yana sauka a kafaɗarta, har ƙusar da ke jikin bango bai manta da ita ba. Shuɗin tufafinta kuwa da fenti mai tsadar gaske aka yi shi, wanda ake samu daga wani dutse da ake haƙowa a Afganistan. Hoton yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam.

Kuskure ne a ɗauki waɗannan hotuna a matsayin shaidar yadda talaka ya rayu, domin an tsara su ne don ɗanɗanon mai saye, kuma galibi da nasiha a ciki. Jan Steen, wanda shi kansa ya taɓa riƙe gidan giya a Leiden, yakan zana gida a hargitse, uwa na gyangyaɗi, yaro na zuƙar lofe, don mai kallo ya yi dariya kuma ya ji gargaɗi.

Masana na zamanin ba su ba wannan reshe daraja sosai ba, kuma makarantar zane ta masarautar Faransa, wadda aka kafa a 1648, ta fifita zanen tarihi a kansa. Shi kansa Vermeer da bashi ya rasu, har matarsa ta miƙa wa mai gasa burodi hotuna biyu a matsayin jingina.