Hutu tsakanin zango a atisayen ɗaga ƙarfe

Hutu tsakanin zango shi ne lokacin da mai ɗaga ƙarfe ke dakatawa bayan ya gama jerin ɗagawa, kafin ya shiga jeri na gaba. Tsawon hutun da nauyin ƙarfen da aka ɗora su ne ke sa gajiya ta zo da wuri ko ta jinkirta. Ana auna nauyi ne da mafi nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak: wanda iyakarsa kilo 100 ne, in ya ɗauki kilo 80, yana aiki da kashi 80 cikin ɗari ke nan. Tsarin zango uku na ɗagawa goma-goma ya yaɗu ne daga aikin Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka da ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar ɗaga nauyi.

Tsoka tana aiki da wani sinadari da ake kira ATP, amma abin da take ajiyewa ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Da ya fara ƙarewa sai wani sinadarin da ke ajiye a tsoka, wato fosfokiriyatin, ya riƙa mayar da shi, shi ma kuma a aiki mai tsanani ba ya kai mutum fiye da daƙiƙa 10 ko makamancin haka. A lokacin hutu ne jiki ke sake cika wannan rumbu. Kusan rabinsa kan dawo cikin daƙiƙa 30, amma cikarsa sai an kai minti 3 zuwa 5. A 1976 masu bincike Roger Harris da Eric Hultman da abokan aikinsu sun nuna cewa idan aka tsayar da jini daga shiga tsokar cinya, fosfokiriyatin ba ya dawowa, wato cikar tana buƙatar iskar oksijin da jini ke kaiwa. Shi ya sa wanda ya koma kan ƙarfe mai nauyi bayan minti ɗaya yakan ga ɗagawarsa ta ragu, ko da numfashinsa ya daidaita. Numfashi yana riga tsoka hucewa, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga ke ruɗuwa.

Gajiyar nauyi mai yawa daban take da ta nauyi kaɗan. Ɗagawa 1 zuwa 6 da kashi 80 ko fiye tana cinye fosfokiriyatin, tana kuma neman cikakken saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Nauyi mara yawa da aka maimaita sau 15 ko 20 har ƙarfi ya ƙare kuwa yana tara fosfet da asid a cikin tsoka, shi ne zafin nan da ake ji kamar wuta. Tsamin jikin da ke zuwa washegari ba laktik asid ne ke kawo shi ba, don shi laktik asid yakan gushe cikin kamar awa ɗaya. Wanda ya matsa har ya kasa ɗagawa a kowane zango, murmurewarsa kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu.

A 2009 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ba da shawarar hutun minti 2 zuwa 3 ga manyan ɗagawa masu nauyi irin su tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, minti 1 zuwa 2 ga ƙananan atisaye, da ƙasa da daƙiƙa 90 ga mai neman juriya da nauyin kashi 40 zuwa 60.

An daɗe ana cewa gajeren hutu ne ke gina tsoka. Binciken Brad Schoenfeld da abokansa na 2016 ya raunana wannan zance: maza 21 da suka saba da ƙarfe sun yi atisaye na mako 8, wasu da hutun minti ɗaya, wasu da minti uku, kuma masu minti uku suka fi samun ƙarin ƙarfi da kaurin tsoka. Dalilin a fili yake, wanda ya huta sosai ya fi iya riƙe nauyinsa har zango na ƙarshe. Gajeren hutu yana da amfaninsa ga mai ƙarancin lokaci ko mai neman juriya, sai dai kuskure ne a ɗauki yawan haki da gumi a matsayin shaidar cewa atisaye ya yi kyau.

Akwai kuma masu saka hutun a cikin zangon kansa: a ɗaga sau biyu, a ajiye ƙarfen na daƙiƙa 15 zuwa 30, a sake ɗauka. Masu neman ƙarfi mai haɗe da sauri sun fi amfani da wannan, domin ƙarfen ba ya rage gudu sosai daga ɗagawar farko zuwa ta ƙarshe.