Daga Takardar Umda Zuwa Basama: Yadda Igama Ta Koma Cikin Waya a Saudiyya

Duk wanda ya je sayen layin waya a Makka ko Jidda, abu biyu za a nema a wurinsa: lambar igama, wato takardar izinin zaman baƙo, ko ta biza, da ɗan yatsa. Zai ɗora yatsan a kan wani ɗan gilashi mai haske, na'ura ta tura zanen zuwa Cibiyar Bayanai ta Ƙasa, a gwada shi da wanda aka ɗauka ranar da ya shigo ƙasar. In ya dace, layi ya fita da sunansa. In babu shi a rumbun, mai shago ba shi da ta cewa, ko da sun shekara 30 suna sallah a sahu ɗaya. Wannan ita ce basama a bakin Hausawan can, kuma ita ce ta raba zamani biyu a tarihin zamansu a Hijaz.

Kakannin da yawansu a ƙafa suka zo. Ana bi ta Borno da Abeche, a faɗa Darfur, a tsaya Jazira a yi ƙodagon auduga shekara ɗaya ko biyu, sannan a tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Bayan yaƙin Burmi a 1903 wani babban ayari ya yi gabas. Wasu suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, wasu suka zarce har Makka. Larabawa suka kira su Takarir, mu muka mai da ita Takari. A lokacin shaidar mutum ita ce mutanen da suka san shi: muɗawwifinsa mai yi masa jagorar aikin hajji, shehun mutanensa, da umda, wato mai unguwa, wanda kan rubuta takarda ya buga hatimi cewa ya san wane ɗan wane.

An haɗe masarautar Saudiyya a 1932, dokar zaman baƙi ta fito a 1952, ta zama ɗan ƙasa kuma a 1954. A nan hanya ta rabu. Waɗanda suka yi rajista suka karɓi tabi'iyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, jikokinsu ne masu laƙabin Hausawi da Barnawi da Fallata a yau. Usama Hausawi ne ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗanda ba su yi ba, ko don suna cewa baɗi za su koma gida ko don ba su ga amfanin takarda ba, sun bar wa zuri'arsu aiki, domin a dokar ƙasar ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa, haihuwa a Makka kaɗai ba ta bayarwa. Sai kuma zamanin jirgin sama da kuɗin mai ya ƙaro wasu. A 1977 alhazan Najeriya sun haura dubu 100, kuma ba duk wanda ya sauka Jidda ne ya koma ba.

Igamar wancan zamani ɗan littafi ce, kore ga Musulmi, ruwan ƙasa ga wanda ba Musulmi ba, da hoto manne a ciki. Hoto kuwa yana ɓarewa a manna wani. Wanda aka kama aka kai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, aka mayar Kano, yana iya sake fasfo da wani suna ya dawo a umarar azumi mai zuwa. Tsakanin mutum da takardarsa akwai 'yar tazara, kuma a cikin wannan tazarar dubban mutane suka yi aure, suka haihu, suka yi sana'a a Hindawiyya da Jarwal da Karantina da Sabil.

Da sababbin hanyoyin sadarwa suka shigo, da farko hukuma toshewa ta sani. An haramta tauraron ɗan'adam na kan soro a 1994, ko da yake soraye ba su daina cika da shi ba. Intanet ba ta isa ga jama'a ba sai 1999, kuma duk ƙasar ta wata mataciya guda a Riyad take bi. Waya mai kyamara haramun ce a kasuwa har ƙarshen 2004. An toshe Viber a 2013, kuma ko da aka sassauta wa manhajojin kira a 2017, kiran murya na WhatsApp bai buɗe ba, dalilin da ya sa manhajar imo ta zama wayar gida ga masu iyali a Kano da Damagaram.

Dokar laifukan intanet ta 2007 ce ta nuna sabon salo. Sashe na 3 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna. Wannan sashe ba shi da maƙiyi a cikin jama'a. Ba wanda ke son a ɗauki matarsa a gidan biki a yaɗa. Amma sashe na 6 ya sa shekara biyar da riyal miliyan 3 a kan duk abin da ya taɓa tsarin jama'a ko ɗabi'u ko darajar addini, ba tare da fayyace iyakar waɗannan kalmomi ba. Doka ɗaya ce ta tsare mutum daga kyamarar maƙwabcinsa, ta kuma buɗe wa hukuma wayarsa.

Daga ƙarshen shekarun 2000 jawazat, wato hukumar shige da fice, ta fara ɗaukar yatsu goma da hoton fuska a filayen jirgi da wajen sabunta igama. Daga nan sauya suna ya daina amfani, don yatsa ba ya sake fasfo. A 2010 aka buɗe Absher, dandalin intanet na gwamnati da ake yin harkokin takardu ta kansa, a shekarar ne kuma kyamarorin Sahir suka fara aiko wa direba tararsa ta saƙon waya. A 2013 aka ba marasa takarda wa'adi zuwa 3 ga Nuwamba, washegari aka fara kame, cibiyar Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda ta cika. A 2016 aka ɗaure kowane layin waya da basama. A 2017 aka sake wani wa'adin, aka kuma sa kuɗin iyali: riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo, yana hawa duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 24,000 a shekara kafin a yi maganar haya. Gidaje da yawa a wannan lissafin suka rabu, uba ya zauna, iyali suka koma ƙasar da yaran ba su taɓa gani ba.

Yadda abin ke aiki a yau shi ne, kowa yana da lamba mai alƙaluma goma. Ta ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mai igama da 2. Kafin a sabunta igamar ma'aikacin kamfani sai fasfo yana da sauran rai, inshorar lafiya ta bayyana a tsarin, an biya kuɗin izinin aiki, an biya riyal 650 na igamar, an biya na iyali, ba tarar hanya a kansa. Kuma ba shi zai danna maɓallin ba, kafili ne, wato ubangidan da igamar ke ƙarƙashinsa, ta Absher ta 'yan kasuwa ko ta dandalin Muqeem. In kafili ya yi sakaci, tarar jinkiri riyal 500 ce a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kora. Abin da sababbin zuwa ba sa ganewa shi ne yadda abu ɗaya ke jan sauran. Igama ta mutu, bayan wani wa'adi banki ya daskarar da asusu, kamfanin waya ya dakatar da layi. To Absher ba ta buɗuwa sai da lambar sirri da take turowa ta wannan layin. Mutum na tsaye da ƙafarsa, amma ba ya iya duba ko me ake ciki a kansa. Mafita ita ce a sabunta igamar tukuna, sannan a je na'urar Absher ta kai-da-kai da ake girkewa a manyan kantuna da ofisoshin jawazat, a ɗora yatsa a sauya lambar waya. Shi ya sa masu wayo ba sa barin layin Absher ya kwana ba kuɗi, ba sa kuma ba da aronsa.

Maganar aro ma babba ce. Wanda ba shi da takarda da layin wani yake waya, ƙanin miji ko ɗan maƙwabta. Duk abin da aka aikata da layin, damfara ko zagi ko wani rubutu, ƙofar mai basama za a ƙwanƙwasa. Akwai hidimar Arqami ta hukumar sadarwa, wadda ke nuna duk layukan da ke kan lambar mutum. Wanda ya ga baƙon layi sai ya shigar da ƙorafi a soke. Sai 'yan damfara, da suka gane cewa mabuɗin duka yanzu Nafath ce, manhajar gwamnati da mutum ke tabbatar da cewa shi ne kafin ya shiga shafukan hukuma da na banki. Za a kira a ce daga banki ne ko daga Absher, "Baba, za a rufe maka asusu, wata lamba za ta fito a wayarka, danna 47." Dannawar ita ce sa hannu: da ita ake shiga da sunan mutum a buɗe asusu ko a ci bashi. Wanda bai fara neman shiga wani shafi da kansa ba, bai kamata ya amsa buƙatar Nafath ba ko wa ya kira.

Mai igama ta ƙwarai, in aka tambaye shi, yawanci yabo zai yi, kuma yana da hujja. Ya tuna layin jawazat tun asuba, da mu'aƙƙibi, wato dillalin bin takardu, mai karɓar kuɗi ya ɓace da fasfo. Yanzu bizar fita da dawowa ta iyalinsa minti biyar ce a waya. Sai dai saurin nan bai zaɓi gefe ba. Hurub, wato rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, shi ma ya zama na minti biyar, kuma an sha ganin kafilin da ake bi albashi ya riga kai rahoto. Gyaran da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ta dandalin Qiwa, da neman bizar fita da kansa; daga 2022 kuma wanda aka ce ya bar aiki yana da kwana 60 ya koma wani kafilin ko ya fita. Amma gyaran na 2021 bai haɗa da shagala, wato 'yar aikin gida, da direban gida da makiyayi da ma'aikacin gona ba, kuma nan ne mutanenmu suka fi yawa. Turawa sun yi ta hayaniya a kan Absher a 2019 saboda ikon da ta ba waliyyi kan tafiyar mata, a watan Agustan shekarar kuma aka ba macen da ta kai shekara 21 damar yin fasfo da tafiya da kanta. Ikon kafili bai samu irin wannan hayaniyar ba.

Korona ce ta kai abin ƙarshe. Manhajar Tawakkalna ta fito a 2020 don ba da izinin fita lokacin dokar hana yawo, da tarar riyal 10,000 ga wanda ya karya. Zuwa 2021 ba a shiga kanti ko ofis ko Harami sai an nuna koren allo. A gaskiya Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin cutar kyauta har da marasa igama, amma da yawa sun ƙi zuwa asibiti, suna ganin tarko ne. Tsohuwar da aka haifa a Makka, ta yi ɗawafin da ba ta san adadinsa ba, sai ga ta a bakin shinge, wani yaro mai kaki yana cewa, "Hajiya, ina tasrihi?" wato izinin shiga. Ana cikin haka, daga ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda sama da 60, har da Sabil da Karantina da Gulail. Haya a sabon wuri kuwa sai da kwantaragin da aka yi wa rajista a dandalin Ejar, shi ma da lamba.

A aikin hajji ra'ayi ya fi rabuwa. Katin Nusuk, wato shaidar alhajin da ke da izini, ya zama dole a 2024, shekarar da hukuma ta ce mutum 1,301 sun rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izini, sun yi ta tafiya cikin rana ba tanti ba mota. Masu goyon bayan tsauri suna cewa ga dalili nan a fili. Wasu suna cewa tsoron shingen ne ya sa mutane bin duwatsu. A 2025 tarar ta koma riyal 20,000, wanda ya taimaka kuma har 100,000, baƙo a kore shi da haramcin shekara 10.

Batun faɗin albarkacin baki kuwa ba a cika yin sa a majalisa ba, kuma shirun kansa bayani ne. An san labarin Salma al-Shihab, ɗalibar jami'ar Leeds da aka yanke wa shekara 34 a 2022 kan rubutun Twitter kafin a rage, da Muhammad al-Gamdi, tsohon malamin makaranta da aka yanke wa kisa a 2023, daga baya aka mayar shekara 30. A 2022 ɗin wata kotu a Amurka ta kama wani tsohon ma'aikacin Twitter da laifin miƙa wa Saudiyya bayanan masu amfani da shafin. In ɗan ƙasa ya ga haka, ina ga baƙo. Shi ya sa a zaurukan WhatsApp na Takari za ka ji siyasar Najeriya da ta Nijar ana yi mata filla-filla, amma da an taɓo ta Saudiyya sai wani dattijo ya ce, "Yara, bango yana da kunne," mai kula da zauren ya goge saƙon.

Dokar kare bayanan mutum ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, aka ba kamfanoni shekara ɗaya su daidaita. Ta ba mutum damar sanin abin da aka tara a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ta sa ɗaurin da ya kai shekara biyu da tarar riyal miliyan 3 ga mai fallasa bayanai masu tsauri don cutarwa. Tana da amfani a kan asibitin kuɗi ko kamfanin talla. A kan hukuma ƙarfinta kaɗan ne, don ta halatta wa ma'aikatun gwamnati tattara bayanai saboda tsaro ba tare da neman izini ba.

A 'yan shekarun nan basama tana riga maniyyaci isa. Tun yana Kano ko Yamai ake ɗaukar fuskarsa da yatsunsa da manhajar Saudi Visa Bio, kyamarar waya ce ke karanta su. Inda ake shan wahala shi ne yatsun da aiki ya cinye: birkila mai taɓa siminti, mai wanki da bilic, tsoho mai busasshiyar fata, da matan da suka sha lalle har kan yatsu ana gobe za a ɗauka. Masu aikin sukan ce a bar lallen sai bayan biza, a huta da wanki kwana biyu ko uku ana shafa mai, a goge man tas kafin ɗauka, a tsaya inda haske yake sosai, a ɗora hannu a gaban bango mara ado.