Farar giyar alkama ta Beljiyam: yadda alƙalan gasa ke ɗanɗana ta da ba ta maki

Wace giya ce wannan, kuma me ya sa ake ce mata fara?

A Beljiyam ana kiran ta witbier. Cibiyarta ƙauyen Hoegaarden ne, kusa da birnin Leuven. Gidan giya na ƙarshe da ke dafa ta a can ya rufe a 1957, sai wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a 1966. Kusan rabin hatsinta ɗanyar alkama ce da ba a bari ta yi tsiro ba, sauran kuma tsiron sha'ir ne, wani lokaci da ɗan hatsin ot. Ana ƙara 'ya'yan koriyanda da busasshen ɓawon lemu mai ɗaci. Ba a tace ta, don haka furotin ɗin alkama da yis suna yawo a ciki, sai ta yi hazo-hazo kamar farau-farau. Ƙarfin barasarta kashi 4.5 zuwa 5.5 ne cikin ɗari.

Yaya ake zuba ta?

Tambulan ya zama tsaf, domin ɗigon maiƙo ko ragowar sabulu yana kashe kumfa nan take. Sanyinta kada ya wuce kima: digiri 5 zuwa 7 a ma'aunin Celsius ya isa, in ta yi ƙanƙara ƙamshin zai ɓuya. A karkata tambulan a zuba kashi biyu cikin uku, a jujjuya kwalbar don yis ɗin da ya kwanta a ƙasa ya tashi, sannan a ƙarasa. Wanda ya bar yis a gindin kwalba ya rage mata hazo da laushi, kuma makin da zai bayar ba na giyar ba ne.

Yaya ake raba makin?

A takardar BJCP, ƙungiyar Amurka da ke horar da alƙalan giya, jimillar maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai ra'ayin alƙali a dunƙule 10. Da hanci ake farawa, tun kumfa ba ta kwanta ba, saboda wasu ƙamsassan minti kaɗan suke yi su gudu.

To me ake nema a hanci da harshe?

A nan gwanintar take. Ana son ɗan zaƙin hatsi mai gardi, ƙamshin lemu mai wartsakewa, da koriyanda a bayansa, mai ɗan yaji-yaji. Ɗan tsami irin na nono ba aibi ba ne, muddin bai rufe komai ba. Ɗacin hop, furen da ake sa wa giya don ɗaci, kaɗan ne ƙwarai, 8 zuwa 20 a IBU, ma'aunin ɗacin giya. A baki ta zama mai laushi saboda alkama, ga iskar gas da yawa, ta kuma ƙare a bushe ba tare da danƙon zaƙi ba. Alƙali yana haɗiye kurɓin, domin abin da ya saura a maƙogwaro shi ma ana ba shi maki, sannan ya kurkure baki da ruwa kafin kofi na gaba.

Abin da ya fi kayar da masu dafawa shi ne zuba kayan ƙamshi da yawa don burge alƙali. In kurɓi ɗaya ya sa ka ce "koriyanda!", to an wuce gona da iri.

Waɗanne aibobi ne aka fi gani, kuma daga ina suke?

Warin sabulu, seleri ko naman gwangwani yawanci daga koriyanda ne, musamman in an zuba ta da yawa. Ɗaci mai kama harshe da bauri daga farin cikin ɓawon lemu yake, shi ya sa ake kankare saman ɓawon kawai in ɗanye ne. Warin man shanu alama ce an raba giyar da yis kafin ya gama aikinsa. Warin dafaffiyar masara kuwa tafasar ce ba ta yi ƙarfi ba, ko an rufe tukunya tururin ya koma ciki. Warin jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga ko giyar ta tsufa, kuma witbier ba ta jure ajiya. Hasken rana ma yana ɓata ta da ɗoyi cikin 'yan mintuna.

Idan ta fito garau babu hazo, ana rage mata maki, amma kamanni duka maki 3 ne.

Ina bambancinta da giyar alkama ta Jamus?

Ta Jamus da tsiron alkama ake yi, ba a sa mata kayan ƙamshi, kuma yis ɗinta ne ke fitar da ƙamshin ayaba da kanumfari. Witbier da ayaba ta mamaye ta fita daga ajinta, ko da ta yi daɗi. Mai yiwuwa an yi amfani da yis ɗin da bai dace ba, ko zafi ya yi yawa lokacin da take ruɓa.

Ana sa yankan lemu a bakin kofi?

A mashayun Amurka ana yi, amma ba a teburin gasa ba: man ɓawon yana karya kumfa, kuma yana rufe ƙamshin da alƙali ke son aunawa.