Dimitsana

Dimitsana ƙaramin ƙauye ne a yankin Arkadiya, a tsakiyar Felofonis da ke kudancin ƙasar Girka. An gina shi a kan tuddai biyu masu fuskantar juna, wajen mita 950 sama da teku, kuma yana leƙen kwazazzabon kogin Lusiyos. Gidajensa na dutse ne masu jan rufi, an jera su hawa-hawa a jikin tudu, lungunansa kuwa ƙunci gare su, wasu ma sai da ƙafa. A wurin ne tsohon garin Teutis yake tun zamanin da, har yau ana ganin guntayen ganuwarsa a tsakanin gidaje. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, amma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Gortiniya tun 2011.

Ƙasar wurin duwatsu ce, noma ba ya ciyar da gida. Ruwa ne ya rufa wa mutanen asiri. Maɓuɓɓugai suna gangarowa daga tsauni da ƙarfi, sai aka yi musu hanya suna juya injinan niƙa, suna aiki a majema da wurin wankin ulu. Abin da ya fi fito da sunan ƙauyen shi ne albarushi. A da, ruwa ne ke juya wata taya ta katako, ita kuma tana ɗaga taɓare suna sauka ɗaya bayan ɗaya cikin turame, ana daka gawayi da farar wuta da wani gishiri na musamman. Aiki ne mai hatsari, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da ɗakin. Da yaƙin neman 'yancin Girka daga Turkawa ya ɓarke a 1821, Dimitsana ce ta riƙa bai wa mayaƙa albarushi mai yawa.

Ƙauyen ya biya wannan da tsada. Akwai makaranta da aka kafa a 1764, mai ɗakin karatu cike da littattafai. Da takardar naɗe harsashi ta yi ƙaranci, aka yayyaga da yawa daga cikinsu aka yi aiki da su. Nan ne kuma mahaifar Girigoriyos na Biyar, shugaban Cocin Otodoks da aka rataye a Istanbul ranar Ista ta 1821.

A cikin kwazazzabon akwai gidajen ibada na sufayen Kirista manne da jikin dutse, kamar Furodromu da Filosofu, wanda aka kafa a 963. Tatsuniyar Girkawa ta ce a kogin Lusiyos aka yi wa Ziyus, babban abin bautar Girkawan da, wanka yana jariri. Hanyar masu yawon ƙafa ta Menalon, mai tsawon kilomita 75, tana bi ta ƙauyen. A gefensa kuma akwai gidan tarihi na fili da aka buɗe a 1997, inda aka gyara injin niƙa da majema da ɗakin albarushi, ruwan yana gudu a cikinsu kamar da.