Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗarin Yin Sakaci da Maganar Allah

Me ake nufi da sakaci da Maganar Allah, alhali da wuya a sami Kirista da zai fito fili ya ce ya ƙi ta?

Ƙin abu dabam, yin sakaci da shi dabam. Wanda ya ƙi Maganar Allah ya san matsayinsa, mutane ma sun san inda ya sa gaba. Mai sakaci kuwa yana girmama Littafi Mai Tsarki da baki, yana ajiye shi a wuri mai kyau, yana riƙe shi zuwa sujada ranar Lahadi, amma makonni su shuɗe bai buɗe shi don kansa ba, kuma abin da ke cikinsa ba shi da hannu a shawarwarin da yake yankewa game da kuɗi, aure, sana'a ko husuma. Marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya ga irin wannan hali a tsakanin masu bi na zamaninsa, shi ya sa a sura ta 2, aya 1 zuwa 3, ya ce wajibi ne mu ƙara mai da hankali ga abin da muka ji don kada mu zakuɗa daga gare shi, sannan ya tambaya yadda za mu tsira idan muka ƙyale ceto mai girma irin wannan. Ba arna yake yi wa gargaɗi ba, 'yan ikilisiya ne, kuma laifin da yake jin tsoro a kansu shi ne ƙyalewa kawai.

Idan mutum yana zuwa sujada, yana addu'a, bai kuma faɗa cikin wani babban zunubi ba, ina haɗarin yake?

Haɗarin yana cikin cewa wannan cuta ba ta da zafi. Marar lafiyar da ya daina jin yunwa yakan ɗauka sauƙi ya samu, alhali rashin sha'awar abincin shi ne alamar da ta fi tayar wa mai jinyarsa hankali. Haka ruhun mutum yake: gwargwadon yadda ya daɗe ba ya cin Maganar Allah, gwargwadon yadda marmarinta ke raguwa a zuciyarsa, har ya kai ga ba ya jin ya rasa wani abu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, Maganar ita ce ma'aunin da mai bi zai gane ya karkace. Ibraniyawa 4:12 ta ce tana da rai, ta fi kowane takobi mai kaifi biyu kaifi, tana kuma rarrabe tunanin zuciya da nufe-nufenta. Wanda ya ajiye ta ya ajiye abin da zai nuna masa halin da yake ciki, saboda haka sai ya koma auna kansa da maƙwabtansa, kuma kullum ba a rasa wanda mutum zai ga ya fi shi kirki. Lamiri ma ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai, domin abin da aka koya masa da shi yake hukunci, idan kuwa aka daina koya masa gaskiyar Allah zai koyi ra'ayin zamani, ya riƙa wanke mutum a kan abin da ya kamata ya tsauta masa.

Annabi Amos ya yi wa'azi a Isra'ila ta arewa a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin wadata da yawan bukukuwan addini, lokacin da 'yan kasuwa ke ƙosawa Asabaci ta wuce su koma ga ma'aunin algus. Hukuncin da ya sanar musu a sura ta 8, aya 11 da 12, shi ne yunwa, ba ta abinci ba, ba kuma ƙishin ruwa ba, amma ta jin maganar Ubangiji: za su yi ta yawo suna nemanta, ba za su same ta ba. Ba a yi ƙarni guda ba Samariya ta faɗa hannun Assuriyawa, wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. A ganina babu gargaɗin da ya fi wannan ban tsoro ga mai sakaci, domin yana nuna cewa damar jin muryar Allah ba abu ba ne da mutum ke da tabbacin zai tarar duk ranar da ya ga dama.

Shin jama'ar Allah sun taɓa yin sakaci har Maganar ta ɓace musu gaba ɗaya?

Sun taɓa, kuma labarin yana cikin 2 Sarakuna, sura ta 22. Bayan mulkin Manassa na shekara 55 da na ɗansa Amon na shekara 2, Yosiya ya hau gadon sarautar Yahuza yana ɗan shekara 8. A shekara ta 18 ta mulkinsa, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, ya sa a gyara Haikali, a nan ne Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a. A lura da inda littafin ya ɓace: a cikin ɗakin Ubangiji, inda firistoci ke shiga suna fita kowace rana, ana ƙona turare, ana miƙa hadaya. Hidimar addini ba ta tsaya ba, sai dai a cikin Haikalin nan akwai kayayyakin da aka yi wa Ba'al da Ashera, kuma ba wanda ya ga abin ya saɓa, domin ba wanda ya san abin da aka rubuta. Da Shafan magatakarda ya karanta wa sarki littafin, Yosiya ya yayyage tufafinsa, ya aika wurin annabiya Hulda don neman nufin Ubangiji, sannan ya tara jama'a manya da ƙanana ya karanta musu, suka sabunta alkawari.

Abin baƙin ciki shi ne gyaran bai wuce tsara guda ba. Irmiya, sura ta 36, ta ba da labarin Yehoyakim, ɗan Yosiya na cikinsa, yana zaune a ɗakinsa na hunturu da kaskon wuta a gabansa, ana karanta masa littafin da Baruk ya rubuta daga bakin Irmiya. Duk sa'ad da aka karanta shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙone ƙurmus, kuma Nassi ya faɗa a fili cewa shi da fadawansa ba su ji tsoro ba, ba su kuwa yayyage tufafinsu ba. Iyaye Kirista su yi tunani a kan wannan sosai. Mahukunta 2:10 ta ce bayan rasuwar Joshuwa da tsararsa wata tsara ta tashi wadda ba ta san Ubangiji ba, kuma Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ba ta ɗora nauyin koyar da yara a kan firistoci ba, a kan iyaye ta ɗora shi, a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya da tashi.

Wa'azin da fasto ke yi bai wadatar ba?

Wa'azi baiwa ce daga Allah, ba kuwa wanda ya isa ya raina shi, amma ba a ba da shi don ya ɗauke wa mai bi nauyin sanin Nassi ba. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yaba wa Yahudawan Biriya domin sun karɓi magana da marmari, suna kuma bincika Littattafai kowace rana don su ga ko abin da ake faɗa musu haka yake. Wanda suke bincikar koyarwarsa kuwa manzo Bulus ne da kansa. Idan Bulus bai fi ƙarfin a auna maganarsa da Nassi ba, babu mai wa'azin da ya fi ƙarfin haka a yau, komai yawan mabiyansa.

Bulus ɗin ya gargaɗi dattawan ikilisiyar Afisa, sa'ad da ya yi musu bankwana a Militas, cewa mugayen kyarketai za su shigo, har daga cikinsu ma waɗansu za su tashi suna karkatar da gaskiya don su janye almajirai. Mai bin da bai san Littafi ba shi ne abincin irin waɗannan mutane. Za a ɗauko masa rabin aya a sayar masa da alkawarin da Allah bai yi ba, idan kuwa alkawarin bai cika ba sai ya yi fushi da Allah a kan maganar da ba Allah ne ya faɗa ba. Bangaskiyar mutane da yawa ta rushe ta wannan hanya.

Mece ce alaƙar wannan sakaci da faɗuwa cikin jaraba?

A jerin makaman Allah da ke Afisawa, sura ta 6, Maganar Allah ce aka kira takobin Ruhu. Yesu ya nuna yadda ake riƙe takobin a jeji, inda ya amsa wa Iblis sau uku da cewa a rubuce yake, kuma duka amsoshin uku daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su, littafin da Kiristoci da yawa ke tsallakewa. Iblis ma ya jawo aya daga Zabura ta 91 don ya sa Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali. Wannan ya nuna cewa sanin ayoyi jefi-jefi bai isa kariya ba, sai an san Nassi yadda wani sashe zai bayyana wani. A sa'ar gwaji kuwa ba kasafai ake samun sukunin buɗe littafi ba, abin da aka riga aka ɓoye a zuciya, kamar yadda Zabura 119:11 ta faɗa, shi ne ke tashi ya yi magana.

Wanda bai iya karatu ba fa, shi ma mai sakaci ne?

A'a. Yawancin masu bi na farko ba su mallaki littafi ba, ji suke yi idan an karanta a taro, kuma Wahayin Yahaya 1:3 ta sa albarka ga mai karantawa da masu sauraro baki ɗaya. Ana iya sa wani ya karanta, ana iya saurare a waya ko rediyo, ana iya haddacewa.

Mutum zai iya yawan karatu amma duk da haka ya zama mai sakaci?

Ƙwarai kuwa. Yesu ya ce wa shugabannin Yahudawa a Yahaya 5:39-40 suna ta nazarin Littattafai, Littattafan kuwa su ne ke yi masa shaida, amma sun ƙi zuwa wurinsa su sami rai. Yakubu 1:22 ta ce mai ji kawai ba tare da aikatawa ba, kansa yake ruɗi. Wanda ke karatu don ya ci nasara a gardama, ko don ya sami ayar da zai soki ɗan'uwansa da ita, ko mai wa'azin da ba ya buɗe Littafi sai don shirya abin da zai faɗa wa waɗansu, duk sun ƙyale Maganar a wurin da ta fi muhimmanci, wato inda take neman su da kansu su tuba su yi biyayya.

Ta ina wanda ya daɗe da barin Maganar zai fara komawa?

Ya fara da kiran abin da sunansa a gaban Allah, ya furta shi a matsayin zunubi, ya daina fakewa da ƙarancin lokaci, domin kowa yana samar wa abin da yake ƙauna lokaci. Kada kuma ya jira sai marmari ya dawo kafin ya buɗe Littafi, tun da yake cikin karatun ne marmarin ke dawowa. Ya ware wani lokaci tsayayye kowace rana, ya ɗauki littafi guda ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe maimakon tsintar ayoyi nan da can. Bisharar Markus, mai sura 16, wuri ne mai kyau na farawa, sai Yahaya, sai Zabura tare da wasiƙun manzanni. Littattafai 66 na Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari suna da sura 1,189, wanda ke karanta uku zuwa huɗu a rana zai sauke su cikin shekara, amma gara sura ɗaya da aka yi bimbini a kanta aka kuma aikata, da goma da aka bi a guje. Inda ya kasa ganewa ya tambayi waɗanda suka riga shi, kamar yadda a Nehemiya, sura ta 8, Ezra ya karanta Shari'a tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bi suna bayyana wa jama'a ma'anarta. Ya kuma nemi ɗan'uwa ɗaya ko biyu a ikilisiya da za su riƙa karatun tare, suna tambayar juna abin da suka koya da abin da suka yi da shi.